Jika Uku da Dala Hamsin

Akwai bashin da ke kaina tun ina katiriyam a kwaleji, kuma har yau ban biya ba. Jika uku ne da dala hamsin. Na sha riƙe abin da ya fi haka a aljihu, na sayi kiredi da shi, na sha shayi da abokai. Mai kuɗin ce na rasa inda take. Da ƴan ƙungiyarmu suka ce kowa ya kawo rubutu a kan wata tambaya da ke hana shi barci, na yi niyyar rubutu a kan tafiyar samari Libiya da Jado, don wannan ba mai zagina a kai. Na fara har shafi biyu, na yage. Abin da ke hana ni barci bashin nan ne.

Duk wanda ya baro ƙauye ya zo lakwal a Belbeji ya san abin da ake kira yunwar ɗan lakwal. Babanka ya kawo ka wajen wani mai masauki da tiya goma ta hatsi, ya yi godiya ya koma. Tiya goma ba ta kai ko'ina. Mai masaukin ma da nasa ƴaƴan. Kafin sanyi ya wuce ka koyi yadda ake zama a bakin zaure lokacin cin abinci kana yi kamar kana bitar darasi. Mu huɗu ne daga ƙauyukan Tarka a shekarar, kuma abin da ya riƙe mu har muka kai jarrabawar BEPC wata rumfa ce a gefen tasha.

Mai rumfar ba zan faɗi sunanta ba. Mu dai Inna muke ce mata. Bazawara ce, ta ba arba'in baya, doguwa, mai kaurin murya. Abin da kowa ke fara gani a jikinta shi ne sutura. Jallabiyar maza take sawa, ta naɗa rawani irin na direbobin Agadas saboda ƙura, takalminta na roba irin na makiyaya. Tana cin goro kamar tsoho, tana gaisawa da direbobi da hannu, in yaron mota ya yi mata rashin kunya ta ɗaga shi sama ta dire. Tare suke zaune da wata mata, ƴar siririya mai yawan shiru, wadda ke tuƙa tuwo da wanke-wanke. Ƙawata take ce mata. Ɗakinsu ɗaya a bayan rumfar.

Da rana tuwo ne da miyar kuka, da shinkafa da wake ranar kasuwa. Da dare kuma wani abu ne daban. In aka yi isha'i sai a kunna fitila mai batir, a shimfiɗa tabarmi biyu, a ɗora shayi. Direbobin da suka kwana, dillalan dabbobi, wani tsohon soja, wani lokaci har da mushe ɗaya ko biyu. Can cikin lungu kuma, wajen murhu, mata ne ke zuwa ɗaya-ɗaya: wadda mijinta ya yi shekara uku a Libiya ba aike, wadda aka saka jiya, wadda kishiya ta hana sakat. Su zauna, a tsefe musu kai, su yi kuka in kukan ya zo, su tashi kafin a lura ba sa gida. Ba giya a wajen, ba kiɗa sai na rediyo. Na yi shekara biyu ina wanke mata kwanoni da dare a madadin rabin kuɗin tuwona, don haka abin da nake faɗa da idona na gani. Mazan nan da ke biyan dala ashirin na shayi, ba shayin ne ya zaunar da su har sha biyun dare ba. Inna ta iya sauraro. Mutum zai faɗa mata abin da bai faɗa wa matarsa ba, ta ce «to, Allah ya kyauta, sha shayinka», ya tashi kamar an sauke masa buhu.

Rabin da ban biya da wanke-wanke ba, tana rubuta shi a wani kaye mai shuɗin bango. Ba ta yi boko ba, amma tana da alamar kowa. Tawa alamar kwano ce da sanda a kai, wai alƙalami.

A gari kuwa magana ɗaya ce: ƴan maɗigo ne. Ba wanda ya taɓa cewa ya gani. Jallabiyar ce shaida, da ɗakin nan guda ɗaya, da kuma cewa ta ƙi duk wanda ya nemi aurenta. Shekarar da ruwa ya yi jinkiri, shuka ta farko ta ƙone, aka fita roƙon ruwa sau biyu ba ko hadari, sai maganar ta sake kama. Wata ranar da yamma samari suka taru suka nufi tasha. Ina cikinsu. Ban yi jifa ba, ban kuma ce a bari ba. Na tsaya a baya inda ba za ta gan ni ba. Aka kifar da tukwane, aka yaye rumfar, wani ya fito da kayen nan mai shuɗin bango ya jefa a murhu. A nan ne aka yi wata sowa da har yau nake ji a kunnena, don na san fuskokin masu yin ta, kuma na san alamar da yawansu a cikin kayen. Ni kaina, in faɗi gaskiya, wani abu ya saki a ƙirjina da na ga ya kama wuta. Washegari da asuba suka hau motar Tanut da ƙunshin kayansu. Bayan kwana tara aka yi ruwa, mutane suka ce kun gani ko.

Shekaru suka wuce ban sake tada zancen ba, sai bara a Damagaram, a fadarmu ta ƴan Damargu, da gardama ta kaure a kan irin waɗannan mutane. Wani abokinmu ya ce duk wannan ƙazanta Turawa ne suka kawo mana da intanet, ku duba ƴan Sin, ga su can a matatar mai shekara da shekaru, kun taɓa jin irin wannan a wajensu? Mutane ne masu riƙon al'ada. Duk muka gyaɗa kai. Wa ya san su? Tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011 a ƙasar Ollelewa, abin da ɗan Damargu ya sani game da Sinawa shi ne harshen wutar da ake hangowa daga hanyar Tanut da dare, da katanga, da motoci masu baƙin gilashi. Maganar ta tsaya mini a rai, na dawo ɗaki na yi ta bincike a salula har kiredina ya ƙare. Abin da na samu bai goyi bayan abokina ba, kuma bai bar ni ma na huta ba.

A birnin Taipei na tsibirin Taiwan, tun a shekarun 1980, akwai wasu mashaya na dare da mata kaɗai ke shiga. Ana kiran su da harafin T, wanda aka ciro daga wata kalmar Turanci mai nufin yarinya mai halin maza. Wadda ake kira T tana aske gashi, ta ɗaure ƙirji, ta sa kwat da wando. Abokiyar zamanta mai shigar mata ana ce mata Po, daga kalmarsu ta matar aure. A irin waɗannan mashaya akwai T da aikinsu ke nan, ana biyan su: su tarbi baƙuwa, su zuba mata abin sha, su kunna mata taba, su yi waƙa tare, su saurari abin da ke damun ta. Abin da ya sa na ajiye salular na yi shiru shi ne su wa ke zuwa. Da yawa cikin masu zuwan mata ne da su ma aikin dare suke yi a wasu gidajen, suna zuba wa maza giya, suna dariya ga zancen da ba dariya a ciki. In suka tashi aiki sai su ɗauki wani abu daga abin da suka samu su je inda su ma za a zuba musu, a tambaye su yaya gajiya. Can a babbar ƙasar Sin ma akwai irinsu, suna kiran kansu lala. Hukuma ta cire dokar da ake kama su da ita a 1997, aka fitar da abin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 2001, amma matsin iyaye na a yi aure a haifo jika yana nan daram. Taiwan kuma ta halatta irin wannan aure a 2019.

Ban kawo wannan don in ce mu yi koyi da su ba. Mashaya mashaya ce, kuma ni Musulmi ne. Na kawo ne don a cikin wannan labari na nesa na hango murhun Inna da matan da ke zuwa a tsefe musu kai. Can da kuɗi a fili, nan da ɗan goro ko kwanon hatsi ko ba komai. Amma abin da ake nema ɗaya ne: wanda ya wuni yana ɗaukar nauyin wasu yana son inda zai sauke nasa.

Tambayar farko da ta zo mini ita ce ko kulawar da aka biya kuɗi a kanta kulawa ce ta gaskiya. Mu Hausawa muna da saurin cewa a'a. Muna cewa so na Allah da so na kuɗi. Amma da na zauna na ƙirga, sai na ga rabin tausayin da aka taɓa nuna mini a duniya akwai lada a bayansa. Ungozomar da ta yanke mini cibi an ba ta hatsi da sabulu. Wanzamin da ya yi mini kaciya, yana lallashina yana cewa namiji ba ya kuka, an biya shi. Mai kitso da uwata ke zuwa wajenta ta fi kowa sanin sirrin gidanmu, kuma ba kyauta take yi ba. Malamin da ya yi wa kakana addu'a yana jinya an ba shi sadaka. Ba wanda ya ce hannun ungozoma ƙarya ne don ta karɓi sabulu. Kuɗin yana sayen lokacin mutum, ya ba shi damar zama da kai maimakon tafiya gona ko daji itace. Abin da ya zuba a cikin lokacin kuma daga halinsa yake fitowa. Akwai mai tuwon da za ta miƙo maka kwano ba ta dube ka ba. Inna tana duban idona ta san an kore ni daga aji saboda kuɗin kaye, kafin in buɗe baki. Wannan ba ya cikin dala talatin ɗin kwanon.

To in haka ne, me ya sa wasu masu wannan aiki muke girmama su, wasu kuma muke ci a hannunsu da dare mu tofa musu yawu da rana?

Labari na biyu daga ƙasar Sin shi ya fi taɓa ni, don ba mashaya a cikinsa. A yankin Shunde na lardin Guangdong, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1930, masana'antun zaren siliki sun ɗauki ƴan mata aiki da yawa. Da suka fara samun kuɗin kansu, wasu suka ƙi aure. A al'adarsu ranar aure ake naɗe wa budurwa gashi sama. Su sai su taje nasu da kansu, su naɗe, su yi alkawari a bainar jama'a cewa ba za su yi aure ba har mutuwa. Shi ya sa ake kiran su mata masu taje kansu. Suna zama gida ɗaya, suna haɗa kuɗi don tsufa da jana'iza. Wasu cikinsu masoyan juna ne, wasu ƙawance ne kawai da gudun wahalar gidan miji. Da kasuwar siliki ta faɗi sai da yawa suka tafi Hong Kong da Singafo aikatau, suna renon ƴaƴan wasu, suna aiko kuɗi gida. Da kuɗinsu aka gina ɗakuna, aka yi wa ƙannensu maza aure. Amma al'ada ta hana mace marar aure ta mutu a gidan ubanta. In ciwon ajali ya kama ta, sai a fitar da ita. Gidan da guminta ya rufa wa asiri ba shi da wurin da za ta cika a ciki.

Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Kuma wannan ba sai an je Sin ba.

Abokina ya ce Turawa ne suka kawo. Amma harshe ba ya ƙirƙiro suna ga abin da babu. Ɗan daudu, maɗigo, karuwa, kawali, magajiya, gidan mata: ba ɗaya a cikinsu da ya fito daga Faransanci ko Turanci, kuma kakanninmu sun san su tun ba a san salula ba. Littafin Baba ta Karo da aka buga a 1954, inda wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau ta ba da labarin rayuwarta, cike yake da zancen ƙawance tsakanin mata, da karuwai, da bori. A garuruwa da yawa sarki ne ke naɗa magajiya ta shugabanci mata masu zaman kansu. A Maraɗi Iya ce, mace ta gidan sarauta, ke riƙe da ƴan bori da irin waɗannan mata. Ƴan daudu kuwa, duk wanda ya taɓa sauka a babbar tasha a Kano ko Katsina ko nan Damagaram ya san su wa ke soya kaji da tuƙa tuwon da matafiya ke layi a kai. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya rubuta littafi a kansu a 2009, kuma sunan littafin daga maganarsu ya ɗauko shi, cewa Allah ne ya yi su. Ba ina cewa da can an ɗauke su waliyyai ba. An raina su. Amma an san da zamansu, an ba su gefe, ana kiran su girkin biki, ana aiken su inda mai mutunci ba ya son a gan shi.

Abin da ya sake shi ne yanzu duk lokacin da gari ya shiga ƙunci, ƙofarsu ake fara bugawa. A farkon shekarun 1990 a Damagaram an bi ƴan mata masu sa bujebuje da duka, wai su suka hana ruwa. Da jihohin arewacin Najeriya suka fara shari'a daga Zamfara a 1999 da 2000, mata masu zaman kansu da yawa sun tsallako iyaka zuwa ƙasar Maraɗi, kuma mazan da suka yi murnar korar su ba su daina biyo su ba, hanya ce kawai ta ƙara tsawo. A watan Nuwamba na 2000, da aka yi zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da ake yi a Yamai, a Maraɗi gidajen irin waɗannan mata aka afka wa, har da gidan Iya. Masu bikin suna can Yamai, nisan ɗaruruwan kilomita. Waɗanda hannu ke iya kaiwa gare su ne suka biya.

Na karanta wa wani abokina wannan rubutu kafin in kawo shi. Ustazu ne na gaske, ba na riga ba, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ya ce: «Malam, duk wannan zagaye-zagaye ne. Abin haramun ne ko ba haramun ba?» Na ce haramun ne, ban zo in sake hukuncin Allah ba, ba ni da wannan matsayi. Ya ce to me ya rage? Na ce abin da ya rage shi ne Inna. Wa ya gani?

Addinin da muka ce muna karewa a ranar nan shi ne ya tsananta a kan shaida fiye da kowace doka da na sani. Suratun Nur ta nemi shaidu huɗu kafin a tuhumi mace da alfasha, ta kuma yanke bulala tamanin ga wanda ya yi tuhumar bai kawo su ba. Suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin karuwar da aka gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa da takalminta. Mu kuma mun tarar da matar da ta ciyar da ƴan lakwal huɗu shekara biyu, muka kifar mata da tukunya. Ko da abin da ake faɗa gaskiya ne, ba mu ne alƙalai ba, kuma ba mu da shaida ko ɗaya. In kuwa ƙarya ne, to bulala tamanin-tamanin ɗin a bayanmu take, mu da muka taru.

Ya ce ai shigarta ma kaɗai laifi ce, an hana mace kamanta kanta da namiji. Na yarda akwai wannan hani. Amma a nan Damargu ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan da karanta zuciyar mutum a jikin tufafinsa. Ranar kasuwa ka duba: Buzu namiji ya rufe fuska sai ido, matarsa fuska a buɗe. Samarin Wodaɓe a lokacin gerewol su shafa jan ƙasa da kwalli, su yi kitso, su jera mata na zaɓe. Baƙon da ya zo daga nesa zai iya rantsuwa cewa waɗannan sun juya halitta, alhali mu mun san ba mazan da suka fi su jin kansu maza. Ba ina haɗa su da zancenmu ba ne, ina nuna cewa tufa ba ta magana da harshe ɗaya. Matar da ke aiki a tasha cikin direbobi da ƴan kamasho har tsakar dare, ba miji ba wa, wataƙila jallabiyar nan katangarta ce. Wataƙila kuma haka take jin daɗin jikinta tun tana yarinya. Ban tambaye ta ba. Shekara biyu ina wanke mata kwano, ban taɓa tambayar ta ko daga wane gari take ba.

Inda abokina ya kama ni shi ne da ya ce kada in mai da rumfar tasha aljanna. Gaskiyarsa. Aikin dare ba daɗi gare shi ba, can ko nan. T ɗin da ke zuba wa baƙi abin sha dole ita ma ta sha, ko cikinta na ciwo, dole ta yi murmushi ga wadda ba ta so. A gidajen matanmu akwai yarinya ƴar shekara sha biyar da ta gudo daga auren dole ta faɗa hannun wadda za ta ci da ita. Akwai cuta, akwai duka, akwai bashin ɗaki da ba ya ƙarewa. Akwai kawalin da ya lalata ƴar mutane. Wanda ya ce gari ba shi da haƙƙin damuwa da wannan bai haifi ƴa ba. Na yarda gari na da haƙƙin ya ce ga abin da yake so ƴaƴansa su tashi a kai.

Sai dai in damuwar ce da gaske, da alamarta daban. Da an tambayi abin da ya fito da yarinyar daga gida. Da an nemi mijin da ya saki mace da ƴaƴa huɗu ba ko tiya ɗaya. Da an tsayar da mai zuwa, ba wadda ake zuwa wajenta kaɗai ba. A watan Oktoba na 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Kance, suka mutu da ƙishirwa a hamada a hanyar Aljeriya, sun tafi neman abin da za su ci. Ban ji an taru da sanduna an nufi gidan wani a kan wannan ba. Fushinmu yana da wayo, ya san ƙofar da ba mai tsaron ta.

Kuma akwai abin da na kasa warwarewa, zan bar muku shi yadda yake. A ce dai an tabbatar. A ce Inna da bakinta ta ce e, haka ne, ƙawata matata ce. Shin tuwon da na ci ya zama wani abu daban? Alherin da ta yi mini ya goge? Abokina ya ce alheri daban, zunubi daban, Allah zai auna kowanne. Na ce to ai ni ma abin da nake faɗa ke nan, Allah zai auna. Mu namu shi ne mu biya abin da muka ci. Amma na san a zuciyata ban tsaya nan ba. Na san da ta dawo yau ta kafa rumfa, zan je in ci, in zauna a tabarmarta a gaban kowa. Ko hakan yarda ce da abin da ake zargin ta da shi, ko kuwa sanin ya kamata ne kawai, ni da abokina mun kai sha biyun dare ba mu daidaita ba. Shi yana tsoron kada tausayi ya zama ƙofar da komai zai shigo. Ni ina tsoron irin sowar nan da na ji a tasha, don na san daga bakin masu salla ta fito, kuma na san me ya ƙone a murhun.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne ta gan ni. Na ɗauka na ɓuya, ashe a'a. Da asubar da za su tafi na bi ta tasha kamar mai zuwa wani wuri. Tana zaune a bayan mota a kan ƙunshinta, ba rawani, sai na ga ashe kanta duk furfura ce. Ta kira ni da hannu. Na zo ina jiran zagi. Ta ce: «Ɗana, jarrabawa saura wata nawa?» Na faɗa mata. Ta ce: «To ka dage. Ka je wajen mai ƙosai ta bakin masallaci, na yi mata maganarku.» Ƙawarta ba ta ɗago kai ba.

Na tambayi wani malami hukuncin bashin da aka rasa mai shi. Ya ce in yi iyakar ƙoƙarina wajen nema, in na gaza in yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je mata. Na kasa yin sadakar, don yin ta kamar na yarda ke nan na gama nema. Duk lokacin da na bi ta Tanut sai na tambayi tsofaffin direbobi. Wani ya ce ya gan ta a Agadas tana sayar da abinci a wata tasha. Wani ya ce Arlit. Wani ya ce ai ƙawar ta rasu, ita kuma ta koma wajen danginta, amma bai san garin ba. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wanda ya yi dariya ya ce me zan yi da ita, sannan da na juya zan tafi ya kira ni ya ce in na same ta in gaya masa, shi ma tana bin sa jika biyar.

Littafin nan namu yana yawo hannu zuwa hannu, ana sake buga shi a hotokofi, ya kan kai inda mu ba mu kai ba. In ya faɗa hannun wani ɗan lakwal a Agadas ko Arlit da ke cin tuwo bashi wajen wata doguwar tsohuwa mai jallabiya, ya duba kayenta. In tana zana wa mutane alama maimakon suna, ya ce mata mai kwano da alƙalami na Belbeji yana neman ta, ya kuma aiko wa ƙungiyarmu da saƙo ta hannun direbobin Tanut.